Dariyar Tsohon Sito

Akwai wata safiya da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da na so in manta, domin mutanen Agege ba za su bari ba. Yanzu idan ka ratsa wani fili a Ikeja da sassafe ka ga manyan mutane sun yi da'ira suna tafi suna ƙyaƙyata dariya babu dalili, ko waiwaye ba za ka yi ba, ka san motsa jiki suke yi. A shekarun da soja suka koma bariki ba haka abin yake ba. Gari a ɗar-ɗar yake. Taya ta fashe a Iyana Ipaja, kafin ka ankara an rufe shaguna a layinmu. Duk abin da ba a gane ba, tsoronsa ake ji.

Ni kuwa a unguwar ni ne wanda ya ga duniya. Na yi fataucin goro a Kumasi, na ja babbar mota a Abijan, na zauna a Omdurman a hanyar Makka, aikin jirgin ruwa ya kai ni har Bombai. Ina jin Larabci da Faransanci da Yarbanci, da ɗan Indiyancin da bai wuce na sayen shayi ba. Komai ya faru sai a zo wurina, ni kuma in gyara zama in ce, "Na taɓa ganin irinsa a ƙasa kaza." (Sau da yawa mai kama da shi na hango, daga nesa ma.)

Malam Sule shi ne ladanin masallacinmu, Bazazzagi ne, abokin wasana, kuma a ɗan ɗakin da ke jikin masallaci yake kwana. Tun da matarsa ta rasu ya zama wani iri. Ya daina tsokanata, muryarsa ta sirance, numfashinsa kan yanke a tsakiyar kiran salla. Sai kuma ya ɓullo da sabon hali. Da an sallame asuba sai ya sulale ya bi layin dogo. Tanko, wani ƙaton ɗan dako da ke aiki a kasuwar Mile 12, ya ce ya gan shi yana shiga tsohon siton wani kamfani da ya daɗe a rufe, kuma dariya ke fitowa daga ciki. Wani ya ce ya leƙa ɗakin Sule ya same shi shi kaɗai, ya fuskanci bango yana tafi yana cewa ho ho, ha ha.

Na tare shi na ce, "Sule, ina kake zuwa da sassafe?"

Ya ce, "Miƙe ƙafa nake yi. Ko shi ma sai an nemi izinin Kanawa?"

Liman bai ɗauki maganar da wasa ba. Ya ce mai aljanu ba zai kira wa jama'a salla ba, idan abin ya tabbata za a karɓi ɗakin a sa Sule a mota zuwa Zariya. Dukanmu mun san ba shi da kowa a can sai kaburbura.

Na fara zuwa ni kaɗai don in gani da idona. Damina ce, hazo ya kwanta a kan layin dogo, ruwa na ɗiga daga tsatsar kwanon siton, jemagu na komawa ciki ta saman kaina. Na laɓe jikin bango. Shiru. Sai kawai ta tashi, muryoyi da yawa, maza da mata, lokaci guda. Dariyar mutane tana da sanadi: wani ya yi magana, wani ya fara, saura su bi. Wannan ba ta da farko. Haka kuma ta ɗauke dif, kamar an datse ta da wuƙa, sai wata siririyar murya guda da ta ci gaba can sama wajen rufi, ta jima kafin ta mutu.

Na sa ido a wata huda. Cikin duhu-duhu na ga mutane a da'ira, wasu da fararen kaya, sun wangale baki, sun zaro harshe, sun baje yatsu kusa da kunnuwa, kafaɗunsu na rawa, amma babu sauti ko kaɗan. Sule na cikinsu. Ban san lokacin da ƙafafuna suka mayar da ni masallaci ba.

Na ce wa Liman, "Allah gafarta Malam, wannan ba bori ba ne, na san bori a Maraɗi. Zar ne, irin wasan aljanun da ake yi a Sudan. Na taɓa gani." Na roƙi a ba ni safiya ɗaya in ƙwato Sule kafin a yanke hukunci.

Washegari na ɗauki Tanko da abokin aikinsa Ɗan'asabe, mutanen da ke saɓa buhun albasa kamar matashin kai. Na cika jarka da ruwan tofi, na tanadi kaskon garwashi da tazargade. A hanya na yi musu huɗuba. Na ce, "Abin nan ta dariya yake shiga mutum. Duk wanda kuka ga ya fara dariya a cikinmu, ku danne shi, ku juye masa ruwan nan, ku turara shi. Kada ku saurari roƙonsa, ba shi ke magana ba. Idan kuka ji yana sauya harsuna, to ya kama shi sosai."

Tanko ya ce, "Ko kai ne, Baba Alhaji?"

Na ce, "Ko ni ne." (Har da buga ƙirji.)

Muka tura ƙofa, na shiga gaba ina karatu da ƙarfi. Da idona ya saba da wurin sai na ga ashe mutane ne sak. Wasu Indiyawa, wasu ma'aikata Yarbawa, wata mace Ba'indiya a tsakiya da agogo a hannu. Ba su ma tsorata ba, sun ɗauka sabon ɗalibi ne. Wata tsohuwa da na sani tana sayar da eko, wato agidi, a bakin tasha ta tako ta tsaya gabana, ta haɗa tafin hannunta, ta kalli tsakiyar idona, ta bushe da dariya. Na ƙara ƙarfin karatu.

Sai Sule ya juyo ya gan ni: hula a karkace, casbi a wuya, ƙattai biyu a bayana, ɗaya da jarka ɗaya da kasko. Ya nuna ni da yatsa. Dariya ta kama shi, ta gaske, irin wadda ban ji daga bakinsa ba tun ranar jana'izar matarsa. Ya zauna daɓas a ƙasa yana riƙe ciki, hawaye na zuba.

Na ji ta tana taso mini daga cibiya. Na cije leɓe. Na tuno mutuwa, na tuno hisabi. Ta ƙi komawa, ta fito ta hanci da wani sauti kamar na akuya.

Tanko ya ce a hankali, "Ɗan'asabe, ya shiga Baba."

Kafin in ce wani abu na ji ni a kwance a kan siminti, gwiwa a gadon bayana. Ruwan tofin da na yini ina haɗawa ya sauka a kaina, hayaƙin tazargade ya cika mini hanci. Na ce, "Ku sake ni, ni ne, lafiyata ƙalau," amma dariyar ta ƙi tsayawa. Na roƙi tsohuwar nan da Yarbanci ta sa baki. Na yi rantsuwa da Larabci. Na zage su da Faransanci. Na juya ga Ba'indiyar, na lalubi Indiyancina, abin da ya fito shi ne a ba ni shayi ɗaya, kada sukari ya yi yawa.

Ɗan'asabe ya ce, "Ka ji ko? Ya fara sauya harshe. Yadda ya faɗa mana."

Sai Ba'indiyar ta matso ta ce da tsantsar Kananci, "Haba bayin Allah, ku ɗaga shi mana, dattijo ne fa, za ku karya masa haƙarƙari."

Tanko ya ce, "Ita ma ta iya Hausa. Riƙe shi da kyau."

Sule ne ya rarrafo ya ɓamɓare su daga jikina.

Ashe matar likita ce, a Kano aka haife ta, kuma ita ke duba Sule kan hawan jini da ƙuncin ƙirji. Ta ce wani motsa jiki ne da ya fito daga ƙasarsu: a taru, a ja numfashi, a yi tafi, a ƙago dariya da gangan har ta gaske ta biyo baya. Siton suka aro don ruwan sama. Na tambayi Sule me ya hana shi faɗa. Ya ce, "Da wane baki zan gaya wa Liman cewa likita ta rubuta mini dariya? Da furfurata? Kai da ka je Bombai, ai na ɗauka za ka gane."

A jiƙe na je gaban Liman, ina warin hayaƙi, labari ya riga ni isa. Ya dube ni ya ce, "To, Alhaji, yaya zar ɗin?"

Na ce, "Ba zar ba ne, Allah gafarta Malam."

"Shi wannan a wace ƙasa ka taɓa ganinsa?"

"Ban taɓa gani ba."

Ya ce Sule ya kira azahar a ji. Sule ya hau, ya ja numfashi irin wanda aka koya masa, ya kai ƙarshen kowace jumla ba tare da ya yanke ba, har masu shago a tsallaken layin dogo suka ɗago kai. Ba a sake tayar da maganar ɗaki ko motar Zariya ba.

Daga baya na tambayi likitar waye mai siririyar muryar nan da ke ci gaba da dariya a wajen rufi bayan kowa ya yi shiru. Ta ce ita ma tana jin ta, ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Babu gida ko ɗaya kusa da siton. Sule ya ce amsa-kuwwa ce, sannan ya zuba mini ido yana jira in faɗi sunan wata ƙasa.

Sule ya ci gaba da ladanci har ƙarshen rayuwarsa, da dariyarsa. Ni kuma tun daga ranar, idan aka kawo mini abin da ban sani ba, cewa nake yi ban sani ba.