Ranar da Na Ba Baba Gambo Sifili

Ko da tsufa zai kwashe mini komai a ka, ba zan taɓa mantawa da jarrabawar da na yi wa leburorin gona ba, jarrabawar da ni mai yin ta na fi kowa faɗuwa. Har yau in na tuna sai haushi ya turnuƙe ni. Abin takaicin kuma, na duba gabas na duba yamma, na rasa wanda zan ɗora wa laifi in ba kaina ba.

Lokacin kuɗin mai ne, zamanin da gwamnati ba ta san ciwon kuɗinta ba. Ma'aikatar gona ta jibgo garemanin shanu sababbi fil, ta ce a koya wa leburorin gonakinta na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa aiki da su, su kuma su koya wa manoma. Ni kuwa ban daɗe da fitowa daga makarantar aikin gona ba, an ajiye ni a sito ina gadin buhunan taki, warinsa har cikin tuwona. Rannan ogan shiyyarmu, wani Alhaji da dariya ke yi wa tsada, ya kira ni ya ce kafin a buɗe kwas in zagaya in tantance mutanen, a ware gwanaye daban, 'yan koyo daban. In na yi abin kirki, ni ne malamin kwas. In na yi shirme, sito na nan yana jirana.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu. Ni ɗan tela ne, a cikin birnin Katsina na tashi, kuma ban taɓa ɗaura wa sa karkiya ba. A makaranta duk ranar da za a fita aikin shanu sai zazzaɓi ya kama ni (wani irin zazzaɓi mai hankali, da an kaɗa ƙararrawar abinci yake sauka). Amma a takarda, wallahi ko Bature sai ya sara mini. Don haka na zauna na tsara fom mai tambaya uku. Ka iya ɗaura karkiya? Ka iya saita garma? Ka iya juya shanu a ƙarshen gona? Wanda ya ce i, maki goma. Wanda ya ce a'a, sifili. Na ja layuka da rula, na kalli aikina, na ji kaina ya ƙara girma.

Faskari na fara zuwa, a kan babur ɗin ofis, da wandona mai buɗaɗɗen ƙafa da takalmi mai tudu. Aka ajiye mini tebur a gindin ɗorawa, leburori suka yi layi. Na farko wani dattijo ne siriri, ana ce masa Baba Gambo, tafin hannunsa kamar bayan itace. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaishe ni kamar ni ne hakimi.

"Baba, ka iya ɗaura karkiya?"

"Ina ni ina iyawa, Malam? Sai abin da kuka koya mamu."

"Saita garma fa?"

"Yo wannan ai aikin masu ilimi ne. Mu dai muna ɗan taɓawa, in an rasa mai yi."

Na danna masa sifili uku reras. Helman wurin, wato shugaban leburorin, ya matso ya raɗa mini a kunne, "Malam, ga shanu can bayan sito, da dai an fiddo su an gwada kowa." Na dube shi sama da ƙasa, na ce masa gwamnati ba ta turo ni kiwo ba, bincike ta turo ni. (Gaskiyar magana, na hango ƙahonin shanun tun ina ajiye babur, kuma ban ji sha'awar mu saba ba.) Helma ya ce, "To, Malam," ya koma gefe.

Haka aka yi ta yi, a nan da Ƙanƙara. Duk mai furfura da ya zo sai ya sunkuyar da kai ya ce shi bai san komai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya shekara talatin a gona, a ce ko karkiya bai iya ɗaurawa ba? Har na rubuta a gefen fom cewa jahilcin da na tarar ya wuce misali, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Sai a Sabuwa na samu sanyin zuciya. Can na haɗu da Lawal, wanda ake kira Rediyo. Da ina da wayo, da sunan kaɗai ya ishe ni, amma ina! Ban gama tambayar farko ba ya karɓe.

"Karkiya? Haba Malam, ni hwa ido ruhe nake ɗaura ta! Shanu in sun gan ni da kansu suke miƙo wuya."

Ya faɗi sunayen ƙarafan garma da Turanci, wasu ma ban taɓa jin su ba, na gyaɗa kai kada a ce ban sani ba. Na ba shi talatin cif, na ƙara masa tauraro. Daga baya na ji cewa wata biyu kacal ya yi a aikin, kafin nan ɗan kamasho ne a tashar mota.

Ranar buɗe kwas aka taru a Ƙanƙara. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi. Aka kafa rumfa a bakin gona, aka jera kujerun ƙarfe, ga manyan gari, ga manoma sun zo kallo, ga lemon kwalba cikin baho. Aka kawo bijimai biyu daga Faskari, farare ƙosassu. Na zaunar da gwanayena a benci na gaba, 'yan koyo kuwa, su Baba Gambo, na tura su can baya a kan tabarma. Oga ya sauko daga Landiroba, ya karɓi fom ɗina ya duba, ya ce wanda ya zo na ɗaya ya fito ya buɗe fili da huɗa layi guda.

Lawal ya fito yana ɗaga wa jama'a hannu. Ya ɗauki karkiya ya tunkari shanun ta gaba yana daka musu tsawa, na dama ya yi huci ya sunkuyar da kai, sai ga gwanina ya yar da karkiya ya yi bayan rumfa. Helman Faskari ne ya taimaka aka ɗaura, aka maƙala sarƙar garma. Aka nemi Lawal ya zo ya kama, aka ce ya zaga. Sauran gwanayen benci kowa ya duƙufa kallon farcen ƙafarsa.

Oga ya juyo gare ni. "To, malamin kwas, nuna masu."

Wallahi na nemi zazzaɓin nan nawa na makaranta, ya ƙi zuwa. Na taka cikin gona, tudun takalmina yana nutsewa, na kama hannun garma, na ce "Mu je!" da muryar da na ga ta dace da jami'in gwamnati. Shanun ko motsi. Sai na tsinka wa na hagu tsumagiya, abin da aka ce mini daga baya ba a taɓa yi masa ba tun yana maraƙi. Ai kuwa suka zabura. Bakin garma bai shiga ƙasa ba, sai ta kwanta a gefe tana tsalle, ni kuma saboda tsabar ruɗewa na ƙi saki. Suka ja ni a ciki kamar buhun gero, takalmi ɗaya ya tsaya a baya, wando ya kece tun daga gwiwa. Suka yi kwana suka nufi rumfa. Manyan gari suka watse, rawani na warwarewa, bahon lemo ya kife.

Daga can kan tabarma sai aka ji an ce, "Kai, Fari! Tsaya nan." Ba da ƙarfi ba ma. Shanun suka tsaya cak. Baba Gambo ya taso a hankali, ya shafa wuyan kowanne, ya ɗaga ni ya karkaɗe mini riga yana cewa, "Sannu Malam, sannu, laihin shanun ne." Ya buga wani ƙarfe a jikin garma sau biyu, ya yi ɗan tsaki, suka tafi. Ya ja layi har ƙarshen gona, ya juyo ya ja wani, miƙaƙƙu kamar an sa zare. Ashe shi ya hore su da hannunsa.

Oga ya buɗe fom ɗina a gaban kowa.

"Wannan dattijon wane aji ka sa shi?"

"Ajin 'yan koyo, ranka ya daɗe."

"Maki nawa?"

Na tofar da ƙasar da ke bakina na ce, "Sifili."

Ya kira Baba Gambo ya tambaye shi don me ya ce bai iya ba. Dattijon ya yi mamakin tambayar ma.

"Ranka shi daɗe, malami ya taso takanas da takarda zai koya mamu, sai in dube shi in ce mashi na iya? Ai wanga rashin ta ido ne. Kuma gabana ga helma zaune, ga tsarana. Wa ke yabon kanshi gaban mutane?"

Kun ji fa! Mutumin ya kashe ni da ladabi. Da ya ce mini i sau ɗaya tak, da wandona na nan da ransa. Na so in yi masa faɗa, amma da wane bakin? A gidan ubana ma haka aka hore mu, in baƙo ya yaba ɗinkin babanmu sai ya ce ai koyo yake. Na san wannan sarai, takarda ce ta sa na mance.

Oga bai yi dariya ba, da ma ba ya yi. Ya ce a yaga fom, a sake tantancewa nan take a cikin gona, Baba Gambo ne alƙali, kuma tunda an riga an ga nawa gwajin, ba sai na maimaita ba. Baba Gambo ya zama malamin kwas. Ni aka rubuta sunana a ajin 'yan koyo, na yi mako uku a kan tabarma kusa da Lawal Rediyo, yana ba ni labarin yadda santsi ya cuce shi rannan. Da aka gama aka mayar da ni sito.

Na daɗe a aikin gwamnati bayan nan, na tantance mutane da yawa, amma ban sake tambayar mutumin ƙasarmu ko ya iya abu ba. Kayan aiki nake miƙa masa in koma gefe. Wanda ya ce yana ɗan taɓawa, in gyara tsayuwa in kalli aiki. Wanda kuwa ya ce shi ido rufe yake yi, to kafin ya fara sai na tabbatar akwai bishiya kusa, mai reshen da zan iya kamawa.