Ƙeyata Ta Wakilci Jiha a Portugal

Jama'a, yau da hantsi a tsakiyar kantunan Stratford, nan London, aka juya ni na fuskanci bango, manyan mutane suka tsaya suna nazarin ƙeyata. Wata tsohuwar Baturiya har ta matso ta tambaye ni ko ta kira 'yan sanda. Na ce mata a'a, aikin gwamnati ne.

Ga yadda aka yi. Tun bara na yi wa 'yata Nimatu alkawarin hutun bakin teku a Portugal. 'Yan ajinsu kowa ya je wani wuri, ita kuwa iyakarta unguwar Croydon, can ɗin ma raka mu layin takardu take yi. Ba zuwan kaɗai ba, sai da ta sa na rantse zan shiga ruwan tare da ita, ni da ko a baho ruwa ya wuce idon sawu sai na fara salati. Na yi booking, na bi na karance komai. An ce Lisbon, babban birninsu, duk hawa da gangara ce, a nemi takalmi mai taushi. An ce ruwan tekunsu sanyi gare shi ko da rani. Abincinsu kifi ne, batun halal ya zo da sauƙi. Jirgin da na samu kuwa marowaci ne, kowa 'yar jaka ɗaya, wadda in ka sa buta sai ka bar wando.

Ana cikin haka sai ga kawun matata Hamdatu ya sauka London. Shi ya ba ni aurenta, kuma yanzu shi ne Mai Girma Shugaban Kwamitin Bunƙasa Gaɓar Teku na jiharmu. Na san abin da za ku ce, babban ruwan jiharmu shi ne kududdufin bayan tasha, shi ma sai da damina. Amma ku yaba wa hangen nesa. Duk ranar da teku ta ga dama ta zo, za ta tarar da kwamiti yana jiranta.

An turo shi da tawaga su ƙaro ilimi a Portugal. Jirginsu ya biyo ta London, Mai Girma ya leƙa shagunan Stratford ya ga ilimin da ke ciki bai kamata a bar shi rabi ba. Tawaga ta fasa ƙarasawa, damuwarsu ɗaya, a gida za a nemi hotuna. Da ya ji za mu tafi sai ya aiko a kira ni. Sakatarensa ya yi mini bayani cewa tsawonmu ɗaya, kafaɗarmu ɗaya, kuma kwamiti ya amince ƙeyata ta yi, duk da ta Mai Girma ta fi ninki. Aikina in sa babbar rigarsa da hularsa, in ba kyamara baya, in nuna teku da yatsa kamar ina ba ta umarni. Za a yi haka a tashar masunta, da masana'antar sardin, da inda suke tace ruwan kwata. Kuma kada rigar ta ga ko ɗigon ruwa, shadda ce da ta sha bugu a Kano.

Ku gaya mini, wa ke kallon idon surukinsa ya ce a'a? Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

A gida rigar ta cinye jakata, ta haura ta Nimatu. Gajeren wandon wankana ya fita, robar iyonta ta fita. Na zaunar da yarinyar na yi mata bayani da Hausa mai kyau cewa mahaifinta ya samu aikin ƙasa, kuma wurin tace ruwan kwata ma abin kallo ne ga mai hankali. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Baba, you promised." Ta shige ɗaki ta ja ƙofa a hankali, da ma bugawa ta yi da ya fi mini sauƙi. Hamdatu kuwa ta ce kawun nata ne, amma alkawarin nawa ne, kada in sa ta a ciki.

Na fita matakala na zauna. Maƙwabcina Hosea, mutumin Jos, direban bas, ya tarar da ni rungume da shadda. Da ya ji labari ya tambaya ko Mai Girma ya taɓa ganin teku. Na ce ta tagar jirgi. Ya tambaya ko masu duba hotunan sun taɓa gani. Na ce su ko jirgin ba su shiga ba.

"To Malam Almu, tashi ka sa rigar. Portugal tana bayan kasuwa."

Ya ja ni bakin kogi nan Deptford. Ruwa ya janye, sai laka da wani keken kanti a kife da tsuntsaye suna faɗa a kan ledar biredi. Na juya baya, na miƙa yatsa. Hosea yana ɗauka yana cewa in ƙara turo ciki, ba a ga alamar muƙami ba. Kafin la'asar mun aika.

Na zata za a tambaye ni yadda na je Portugal na dawo tsakanin azahar da la'asar. Mai Girma da kansa ya kira, ya yaba da saurin aiki, ya ce irinmu ƙasa ke nema.

"Almu, Allah ya yi maka albarka. Ashe tekun nasu ma laka ce. To da me suka fi mu?"

Sakatare kuma ya hango jar bas mai bene a can bayan hoton, ya ce kwamiti zai ba da shawarar a sayo wa jiha irin na Portugal.

Riga ta koma hannun mai ita a bushe. Wandon wanka ya koma jaka, Nimatu ta fito tana koya mini yadda ake riƙe numfashi a kwanon wanke-wanke. Yanzu babu abin da ya rage tsakanina da ruwan nan mai sanyi. Don haka ina roƙon masu girma na ko'ina, ku da kuka iya rufe hanya da sunan gyara ku mance da ita, in akwai mai ikon rufe teku a cikinku, mako mai zuwa ya dace ƙwarai.