Rasuwar Ƙaramar Hitar da Ba Mu Taɓa Gani Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da da ƙyar suke riƙe biro, ni Injiniya Bara'u Sanda, a madadin iyalina da ke Ladywood, Birmingham, nake sanar da rasuwar ƙaramar hitar da ke cikin heat pump, injin ɗumama flat ɗinmu. Ta rasu ranar Talata da hantsi tana da shekara shida, a satin da canal ɗin bayan gidanmu ya daskare har agwagi na yawo a kansa.

Hakkin mamaciya ne in faɗi gaskiya: ban san da ita ba sai da ta mutu. Shekara shida ina tare baƙi a corridor, in buɗe musu cupboard, in nuna babban injin, ina bayanin yadda yake zuƙo ɗumi daga ruwan canal. Ashe duk ranar da ruwan ya yi sanyi ƙwarai, gogan naku gurnani kawai yake. Ita ke ɗauke aikin daga ciki. Ba ta taɓa neman yabo ba. Iyakar maganarta "ƙas" in ta tashi, "ƙas" in ta gama, mu kuwa mu ce bututu ne.

Ta yi jinyar kwana huɗu. Muryarta ta koma "ƙas-ƙas-ƙas", sai ƙauri, sai wuta ta ɗauke sau biyu. Matata Latifa ta ce a kira masu gyara. Na tuna mata ni injiniya ne, ta tuna min na titi ne. Na danna reset sau bakwai. Ma'aikaciyar da ta zo daga baya, Celestina, ita ta tabbatar da rasuwar. Ta zaro ta ta ɗora min a hannu: ɗan murɗaɗɗen ƙarfe, baƙi ƙirin, bai kai kamu ɗaya ba.

Ta bar babban injin, wanda har yanzu yake gurnaninsa, da radiator biyar masu ɗumama ɗakuna, da 'yarmu Inaya mai yin homework da safar hannu. Ta bar surukata Umma Kulu, wadda marigayiyar ta kula da gwiwoyinta fiye da likitanta. Umma ta riga ta koma Moss Side, Manchester, gidan ɗanta Muhammad Awwal mai boiler na gas. A bakin mota ta ce wa Latifa, "Ki faɗa wa maigidan naki na yafe masa. Amma ba ni ba gidan da ake jiran kogi ya ɗumama mutum."

Za a kai ta makwancinta ranar Asabar da ƙarfe goma, a wurin recycling na council, inda ake karɓar tsofaffin kaya, kwandon ƙananan kayan lantarki. Magajiyarta na tafe nan da kwana tara. Kafin nan ana karɓar ta'aziyya a kicin, gefen oven. An yafe wa kowa cire takalmi. Mai bargo ya zo da abinsa. Mai hita ya zo da ita, ya kuma yi haƙurin komawa shi kaɗai.