Sallau da Motar Jamus

Ranar Talata, 14 ga Yuni, 2016, gari ya waye da yayyafi, irin wanda ba ya hana zuwa gona. A safiyar ce motar ta shigo Ɗan Marke: ƙaramar bas ruwan toka mai kujeru bakwai, ta hannu, wadda Kubura ta saya a Jamus inda take aikin jinya, ta aiko da ita ta ruwa.

Gidan da motar ta tsaya mutum uku ne a ciki. Akwai Inna Dije, wadda ciwon sukari ya taɓa wa ƙafafu, likita ya ce a riƙa kai ta asibitin birni duk Alhamis. Akwai ɗanta na fari, Sallau, yayan Kubura, da matarsa Lantana. Sallau ya kusa hamsin, kuma ya iya tuƙi, don ya yi shekara goma sha biyu yana jan tarakta bai taɓa taka ko kaza ba. Abin da bai iya ba shi ne ragi ko ƙari a kan magana. Yadda aka faɗa masa, haka zai yi, ko da gari zai taru yana dariya.

Saboda haka Baffa Tukur, babban dangi, ya ce gwaji ne. In damina ta wuce Sallau bai iya riƙe motar ba, za a ba ɗan baffansu Barau ya sa ta haya. Barau ya yi alkawarin kai Inna asibiti duk ranar da ba fasinja. Alhamis kuwa ita ce ranar kasuwarmu.

Ni maƙwabciyarsu ce, ina koyarwa a firamare, don haka duk takardar da ta shafi motar ni ake kawo wa.

Wata rana Nasidi bakanike ya shafa jikin motar ya ce, "Fentin Turai ba ya son ranarmu. Kullum ta kasance a inuwa." Sallau ya ajiye ta ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Da hantsi inuwa ta matsa, ya tayar da mota ya bi ta. Kafin azahar ya matsa sau shida.

"Malam, tuwo zai huce," in ji Lantana daga zaure.

"Ajiye shi. Inuwar nan ba ta zama wuri ɗaya."

Kwana uku yana haka, mai ya yi ƙasa sosai, mota ba ta je ko'ina ba. Lantana ce ta roƙi maƙwabta suka kafa rumfar kara, sannan Sallau ya samu ya koma gona.

Wata rana Kubura ta bugo waya ta ce, "Yaya, don Allah mutum ɗaya kujera ɗaya, kowa da bel ɗinsa. Kada ka tayar sai an ɗaura." A makon aka yi suna a ƙauyen gaba, mata fiye da ashirin suka ci ado suka taru a bakin rumfa. Sallau ya ƙirga shida ya rufe ƙofa. Sai ya lura ɗaya tana da goyo.

"Wannan na bayanki mutum ne?"

"Mutum ne mana! Da me ka ɗauke shi, ƙullin kaya?"

"To ke biyu ce."

Ya sauke mace ɗaya, ya bar kujerar jaririn fayau, ya ɗaura mata bel duk da yaron na cinyar uwarsa. Matan da suka rage suka yi ta yi masa tsiya: "Sallau, jirgin Makka ka samu ne?" Sawu biyar ya yi. Lantana, da yake motar gidansu ce, kunya ta sa ta jira sawun ƙarshe. Ta isa ana wanke tukwane, ƙanzo kawai ta samu.

Wata rana Nasidi ya rubuta lamba a takarda ya manna a gilashin gaba. Ya nuna wa Sallau lambar tafiya da ke gaban sitiyari ya ce, "In wannan ta kai waccan, kada ka ƙara ko taku ɗaya sai an yi juyen baƙin mai." Lambar ba ta tashi cika ba sai wata Alhamis, ana ruwa, saura kamar kilomita guda a kai asibiti. Sallau ya gangara gefen titi ya kashe mota.

Inna ba ta faɗin sunansa, kamar yadda iyayenmu suke yi da ɗan fari. Ko kallonsa ba ta cika yi a gaban mutane ba. Ta ce, "Kai, lafiya?"

"Lamba ta cika, Inna."

"Lambar ce za ta ga likita ko ni?"

Ya fita ya duba hagu da dama, babu abin hawa ko ɗaya, kowa ya fake. Sai ya buɗe ƙofarta ya durƙusa ya ba ta baya.

"Hau, Inna."

"Tashi ka ba ni wuri! Mutane na kallo."

"Kubura ta ce kada ki makara. Nasidi ya ce kada mota ta motsa. Ba wanda ya ce kada in goya ki."

Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta hau. Lantana, wadda ta biyo su da lema da kwandon abinci, ita ta ba ni labari. Ta ce sai a ƙofar asibiti ta ji Inna ta ce a hankali, "Ashe bayan nan da faɗi."

Ba su makara ba. Amma kafin su dawo labari ya riga su, Barau ya kai wa Baffa: "Mota a tsaye, tsohuwa a baya cikin ruwa! Baffa, me kuma muke jira?" Baffa ya ce ba sai an kai ƙarshen damina ba, dangi su hallara ranar Litinin ta sama bayan la'asar a yanke magana.

Wata rana, cikin kwanakin nan na jira, akuyar Lantana ta hau murfin inji don ta ja karan rumfa, kofatonta ya karce fenti kamar tsawon ɗan yatsa. Sallau ya zo mini da takardar inshora. Barau ne ya yo ta tun farko a wajen wani mai tebur a tasha, don ya ce shi ya san hanya. Na karanta na fassara masa, har inda aka ce duk abin da ya sami motar a sanar da kamfani a rubuce cikin kwana bakwai.

"Malama, rubuta musu."

"Malam Sallau, ba irin wannan suke nufi ba."

"An rubuta ban da akuya?"

Na sake dubawa. "Ba a rubuta ba."

Na rubuta. Ya kai gidan waya aka ce masa wasiƙa tana iya yin kwana goma kafin ta kai Kaduna, inda adireshin kamfanin yake. Ya dawo da abarsa ya yi lissafi da yatsu, kwana na bakwai ya faɗa kan Litinin. Lantana ta roƙe shi har da hawaye ya bari sai an gama taro. Ya ce takarda ba ta ce ban da ranar taro ba. Ana idar da sallar asuba ya ɗauki duk takardun motar ya shiga motar haya, don tasu ta Inna ce.

Da ya isa adireshin da ke jikin takardar, sai ya tarar da shagon tela.

"Nan ne kamfanin inshora?"

Telan ya ɗaga ƙafa daga keke. "Shekarata goma sha takwas a nan, bawan Allah. Kai ne na huɗu da ya zo neman kamfanin nan. Sauran duk sai da suka yi hatsari. Kai me ya sami taka?"

"Akuya."

Sallau ya zauna a benci ya ce ba zai tashi ba sai an sami mai karɓar wasiƙa, yau kwana bakwai. Da telan ya ga da gaske yake, ya rufe shago ya raka shi wani ofishin inshora na gaskiya a bayan layinsu. Wata ma'aikaciya ta sa lambar a kwamfuta, ta sake sawa, babu ita. Ta ce, "Baba, wannan ta bogi ce. Ranar da masu duba takardu suka gane, a nan za su sauke ku su tafi da motar." Ta kira Kubura da wayarta, suka daidaita, aka yi wa motar sabuwa. Ta kuma rubuta bayani ta buga hatimi.

A nan gida an yi taro ba shi. Baffa ya fusata, har ya miƙa wa Barau makulli. Ana shirin tashi magariba sai ga Sallau, rigarsa duk ta yamutse. Baffa ya aika aka kira ni na karanta bayanin daga bakin zaure.

Barau ya ce, "Wallahi Baffa, ban sani ba. Kowa a tasha irinta yake riƙewa."

Baffa ya miƙa hannu. Barau ya ɗora makullin a kai. Baffa ya juya ga Sallau ya ce, "Ungo. Gata Alhamis, kada ka makara."

Wasiƙar kuwa tana aljihunsa. Ma'aikaciyar ta ce masa ɓarnar akuyar ta riga sabuwar takarda, sai dai ya gaya wa mai motar. Washegari ya zo da sabon ambulan na rubuta adireshin Kubura. Na ce ai waya ta fi sauri.

"A rubuce aka ce, Malama."

Kafin a liƙe, Inna ta aiko Lantana ta kira ni. Na same ta a bakin gado tana shafa ƙafa. Ba ta dubi ƙofa ba, inda Sallau yake tsaye. Ta ce, "Ƙara mata a ƙasa. Ki ce yayanta yana ƙoƙari."

Na ƙara. Sallau ya hau kekensa zuwa gidan waya, ya sayi kan sarki ya manna, ya danna shi da babban yatsa har sai da ya bushe. Ya zura wasiƙar a akwati, ya kara kunne a jikin ƙarfen, bai tafi ba sai da ya ji ta faɗi.