Waƙi'ar Takardar Ƙosai

Da sunan Wanda ya halicci alƙalami tun kafin a sami masu ɓata shi, wannan shi ne tarihin Malam Lurwanu ɗan Malam Sambo ɗan Gwani Ɗalhatu ɗan Buhari Mai Tawada, zuriyar da masana nasaba suka haɗu a kan cewa ba a taɓa haifar namiji a cikinta da ya amsa kuskurensa ba. Shi ne tsohon mai duba makarantu na ƙasar Funtuwa, dodon hedimastoci, ma'abocin jan biro, mai jiran liman ya sallame ya gyara masa nahawun huɗuba, gwarzon da ya taɓa mayar wa surukinsa katin ɗaurin aure saboda an manta waƙafi.

Sananne ne ga duk mai zama a majalisar dattawa ta bakin tasha cewa babu abin da wannan bawan Allah ya ɗaura wa yaƙi kamar littattafan 'yan sanda da ɓarayi, waɗanda matasa da matan aure da masu gadi suke karɓa hannu da hannu har bango ya rabu da jiki. Hujjarsa guda ce, yana kuma maimaita ta kamar wuridi: marubucin irin wannan littafi yana kashe mutum a shafin farko ne don bai iya rubuta rayayyen mutum ba. Bai taɓa karanta ko ɗaya ba, domin ba ya son karatu ya gurɓata masa hukunci.

Sai ƙaddara ta zo masa da hantsi, a naɗe. Ya tsaya wurin Tasalla mai ƙosai, wata dattijuwa da ke suya a gefen tashar, ta ƙunsa masa a cikin shafin wani littafi da ta yage daga kwandonta. Da ya cinye, ya buɗe takardar don neman kurakurai, ya kuwa same su birjik, ransa ya yi fari. Amma yana cikin farautarsu ya iske an kashe wani attajiri, Alhaji Maikwano, a ɗakin da aka kulle ta ciki, kuma a layin ƙarshe Sufeto ya buɗe wani akwati, ya ja da baya, domin abin da ya gani a ciki shi ne... A nan shafin ya ƙare.

Malam Lurwanu ya juya takardar, ya ɗaga ta ga rana, ya duba ƙasa ko wani yanki ya faɗi. Ranar bai gyara wa kowa magana ba, har abokansa suka tambaye shi ko lafiya.

Daga nan aka ɗaura ɗamarar gwagwarmayar da tarihi bai ga irinta ba. Kullum safiya ta Allah sadaukin yana bakin kasko, duk da likita ya raba shi da mai da gishiri, yana sayen ƙosai ƙunshi ƙunshi, kowane a takardarsa, yana cewa ba ya son su haɗu su yi gumi. Ya ci, ya ba maƙwabta, ya ba kajin gida har suka fara gudunsa. Ganimar kuwa yakan shanya ta a bayan ɗaki, ya bi ta da dutsen guga, sannan ya jera ta bisa ijtihadinsa, saboda mai ya cinye lambobin shafukan.

Wajibi ne marubucin tarihi ya faɗi gaskiya: labarin yana da sarƙaƙiya. A wani shafi guba aka sa wa mamacin a shayi, a wani kuma harbinsa aka yi. Sufeton nan wani lokaci Garba ne mai gashin baki, wani lokaci Iliya ne mai sanƙo. Da ƙaramin mai karatu ne, da ya ruɗe. Shi kuwa Malam, da zurfin iliminsa, ya fahimci cewa an kashe Alhajin ne sau biyu don a ɓatar da sawu, Sufeton kuma ɓad da kama yake yi. A zuciyarsa, inda majalisa ba ta ji, ya yarda cewa marubucin jahili ne a nahawu amma gagarabadau ne a makirci. Ya zargi direba, ya wanke shi. Ya zargi akawu, ya wanke shi don girmama sana'a. Ya koma kan direba. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: ya san wanda ya kashe Alhaji Maikwano.

Ranar waƙi'a, Talata ce ta kasuwa, ya iso ya tarar an riga shi. A gabansa akwai Haladu direban tifa, ƙato mai wuya kamar turmi, wanda ko 'yan kamasho ba sa yi masa musu. Malam yana kallo Tasalla ta zaro wata takarda, kuma kafin ƙosai ya rufe ta idonsa ya hango kalma guda da manyan baƙaƙe a ƙasanta: ƘARSHE.

Masu ruwaya sun saɓa a kan ko tsalle ya yi ko tuntuɓe, amma sun haɗu a kan cewa ya ratsa sahu kamar ingarma, babbar rigarsa tana kaɗawa, ya ture bokitin ƙullu, ya taka wutsiyar wani kare da ba shi da hannu a rikicin, ya dafe ƙunshin da hannu biyu yana kiran: “Takardar! A bar takardar!”

Haladu ya dube shi daga sama. “Baba, in yunwa ce sai in saya maka naka.”

“Ƙosanka naka ne, ɗana. Abin da ke ƙarƙashinsa nake so.”

“To in zuba a ina? A aljihu?”

A nan ne jikan Gwani Ɗalhatu ya yi sadaukarwar da za a daɗe ana ambato. Ya tuɓe hularsa, zanna bukar ta ranar Juma'a wadda ko ruwan sama bai taɓa taɓa ta ba, ya miƙa ta a buɗe a gaban jama'ar tasha. Haladu ya juye ƙosai a ciki, ya barbaɗa yaji, ya tafi yana ci yana waiwaye.

Mai nasara ya koma gefe, kai a buɗe, ya karanta. Sufeto ya tara kowa a falo, ya zagaya, ya zagaya, sannan ya nuna mai dafa abinci ya ce shi ne ya kashe Hajiya Turai.

Malam Lurwanu ya sake karantawa. Bai san wata Hajiya Turai ba. Bai ma san akwai mai dafa abinci a gidan ba.

Ya koma bakin kasko. “Tasalla, ina bangon littafin nan da kike yaga?”

“Wanne daga ciki, Malam?” Ta laluba kwando ta zaro bangaye uku ta aza masa a hannu. A kan kowanne akwai mutum da bindiga, da mace ta dafe kai, da jini ja kamar manja. “A buhu ake kawo mini su. Wanda hannuna ya taɓa shi nake yaga.”

Ya duba, ya gane na Alhaji Maikwano, ya ɗaga shi. “Wannan fa? Ina ƙarshensa?”

“Ai na baya nake fara cirewa in hura wuta, sun fi bushewa. Wannan tun kafin azumi ya tafi.” Ta juya ƙosanta. “Halan wani abu ne mai amfani a ciki?”

Sadaukin ya dubi murhun da ya san wanda ya kashe Alhaji Maikwano, ya daɗe yana dubansa.

“Babu komai,” in ji shi. “Shirme ne.” Ya gyara wuyan riga, ya rage murya. “Ita wannan Hajiya Turai, akwai sauran nata a kwandon?”