Takamar Ɗangata a Hanyar Kalambaina

Duk faɗin Sakkwato babu wanda ya san doki kamar Alhaji Abdulshakur, kuma da bakinsa mai albarka ya tabbatar mana da haka. Dillalin filaye ne, amma ilimin dawaki ya sauko masa rana ɗaya ta wayar hannu. Samarin Ƙofar Taramniya suka laƙaba masa Farfesan Kofato. Ya ɗauka girmamawa ce, yana amsawa da ɗaga hannu.

Yana da wani baƙin doki akawal mai suna Ɗangata. Uban an zaɓe shi don kyan wuya, uwar don iya rawa, ɗan kuwa ya kwaso duka. In yana takama, gwiwarsa har haɓa take kaiwa. Da sabulun matar Alhaji, Hajiya Mariyatu, ake yi masa wanka, abin da ita Hajiyar ba ta yafe ba har yau.

Sai ƙungiyar mahaya ta shirya tseren dogon zango: a wuce Kalambaina, a shiga ƙauyukan Wamakko, a dawo. Bayan tsere kuma za a zaɓi sabon shugaba. Alhaji ya riga ya ɗinka babbar rigar rantsuwa.

"Ku dubi dawakinku," in ji shi a majalisa, "suna jan ƙafa awa waɗanda anka tasa daga kwana. Wanga jinin asali na! Dokin da ka ɗaga ƙafa har sama, mi nisa za ta yi mai?"

Aka tashi da safe. Sauran dawakin, ramammu marasa kyan gani, suka kama sassarfa kai a ƙasa, suka ɓace. Ɗangata ya lanƙwasa wuya ya soma aiki. Ƙafa ta tashi, ta tsaya a iska kowa ya gan ta, ta sauka kusa da inda ta taso. Jama'a suka yi tafi. Wata tsohuwa da kwanon fura a ka ta gaishe su, ta wuce su.

A Gidan Igwai wani mai shago ya saki kiɗan kalangu a lasifika. Nan Ɗangata ya tuna gidansu. Ya tsaya tsakiyar titi yana rausaya, masu keke napep suna taya shi da oda, mai tsire ya bar wuta ya zo kallo.

"Dabara ta," Alhaji ya sanar da taron yana jan linzami a banza. "Ƙarfi muka tarawa."

Kafin su kai Kalambaina rana ta take. Kumfa ta rufe ƙirjin doki, sabulun Hajiya ya fito fili. Ɗangata ya hango inuwar dogonyaro, ya shiga, ya kafe. Likitar dabbobin da aka ajiye a wurin, Dakta Hadiza, ta saurari bugun zuciyarsa, ta cire shi daga tseren. Alhaji ya ce zai kai ƙara. Yana cikin zayyana mata sunayen kakannin dokin sai ga mahaya sun dawo daga Wamakko, kowa na yi masa sannu da hutawa.

A-kori-kura aka samo wa Ɗangata. Babu wurin mutum a ciki, don haka Farfesa ya biyo baya a keke napep, rungume da sirdi.

"Ƙasar Kalambaina ba ta dace da kofaton manya ba," ya bayyana wa majalisa da yamma. "Duwatsu sunka yi yawa."

An yi zaɓe, shugabanci ya tafi wurin wani Malam Jibrin, mai goɗiyar da ko sunan ubanta ba a sani ba. Amma ƙungiya ba ta manta da gwani ba. Baki ɗaya aka naɗa Alhaji Babban Daraktan Nishaɗi: duk ranar tsere, shi da Ɗangata za su tsaya a wurin tashi su ɗebe wa 'yan kallo kewa har mahaya su dawo.

Ya karɓa, bisa sharaɗin a kafa musu rumfa.