Isyaku Ya Aro Bakin Sakkwato

Da na dawo Gyadi-Gyadi daga Fatakwal bayan shekaru, sai na tarar gari ya sake. Soja sun koma bariki, katangu sun cika da hotunan masu babbar riga suna ta murmushi, filin ƙwallonmu ya zama shaguna, acaɓa kuwa kamar ƙudan mahauta. Amma duk abin da ya canja, babu kamar bakin Isyaku.

Isyaku abokina ne tun muna yawo ba wando. Na bar shi da Kanancinsa garau, na dawo na same shi yana magana ta hanci kamar mai karanta labarai daga Landan, alhali iyakar tafiyarsa Wudil, ita ma a bayan motar yashi.

"Rabi'u, zamanin farar hula ne, baki shi ne jari," in ji shi. "In na yi Zazzaganci, sai Bazazzage ya tambaye ni mutan gida. In na karya Hausa irin ta Adebayo bakanike, matarsa ma sai ta kawo min abinci."

To, wannan aku mai bakin magana sai ya kamu da son Hauwa, 'yar Alhaji Bube mai albasa na Darmanawa. Kamu na gaske, har ya rame. Ranar zancen farko ya saki muryar Landan, ta saurara ta ce, "Sannu, mura ce? Bari in kawo maka citta." Duk da haka yarinya ta ga yana ba ta dariya, ta ce ya shirya, Baba zai neme shi. Sai dai fa Alhaji Basakkwace ne. Ya tsufa a Kano amma har gobe cewa yake Bakano ko gaisuwa ya yi ma, ciniki ne.

"Shi ke nan matsalar?" in ji Isyaku. "Kafin Juma'a na zama Basakkwace."

Ya tare a teburin Ɗahiru mai shayi, bakin kasuwar Tarauni, mutumin wani ƙauye a bayan Gwadabawa, wanda kewar gida ta sa ba ya gajiya da labari. Isyaku ya kwashe karin harshen, ya kwashe sunan ƙauyen, ya haɗa har da sunan mahaifiyar bawan Allah.

Na ce, "Malam, ari bakin kawai, ka bar wa mutum uwarsa."

"Ɗan Fatakwal, me ka sani? Karin harshe ba asali ai riga ce ba wando."

Ya ja ni rakiya. Muka durƙusa a zauren Alhaji, gwanin ya gyara murya.

"Baba, mun iske ku lahiya? Ina gajiya, ina ɗiya?"

Alhaji da ke kishingiɗe ya miƙe zaune. "Yaron ga, kai ɗan ina na?"

"Bayan Gwadabawa, Baba. Ni aɗ ɗan Jummai mai ƙuli, ta gindin tsamiya."

"Jummai ta Malam Tukur?"

"Ita hwa."

Ya mintsine ni a cinya, wai in ga aiki. Alhaji ya ƙwala wa matarsa kira: "Ladi, zaka ki ga ɗan Jummai." Hajiya Ladi ta fito tana share hawaye da bakin mayafi. Aka kawo fura, aka kawo tuwo, aka ce ko kunnuwansa na Jummai ne. Isyaku ya ga kasuwa ta yi kyau, ya ce dama shi ne yaron da Hauwa ta yi zancensa.

Hajiya ta daina share hawaye.

"Wace Hauwa?" in ji Hajiya. "Da nih haihe ta can ƙauye, ciwon nono yak kama ni. Jummai tash shayar da ita har yaye. Hauwa ƙanwarka ta, ɗan nan. Nono guda kunka sha."

Ban taɓa ganin mutum ya dawo daga Sakkwato da sauri haka ba.

"Wallahi Baba ni ɗan Gyadi-Gyadi ne, haihuwar nan. Talatu sunan babata, tana nan da ranta."

Alhaji ya juyo gare ni yana girgiza kai. "Ji shi. Son mace ya sa shi musun uwatai. Kuma ko Kanancin bai iya ba. Kai da kake ɗan gari, ka taɓa jin Bakano ya yi magana hakanga?"

Ni da tuwon mutane ke hannuna, na ce gaskiya da sauran gyara.

Isyaku ya ruga gida ya roƙi Inna Talatu ta zo ta ba da shaida. Ta ji yadda aka yi musayarta da mai ƙuli, ta ci gaba da tankaɗe. "Je ka Gwadabawa ka ɗauko wadda ta haife ka."

Alhaji kuwa ya rantse ba zai bar ɗan Jummai ya lalace a Kano ba. Ya hana shi Kananci a gabansa, ya sa shi dakon albasa don ya koyi sana'a. Da aka tashi aurar da Hauwa, wa kake jin aka ba? Sadiq tela na Babban Giji, Bakano tun kaka da kakanni. Aka ce hidimar kayan ɗaki ta yayan amarya ce.

Ni dai ƙafata ta fara ƙaiƙayi, an ce ana neman direbobi a Legas. Ina ƙofar gida ina ɗaure jaka sai ga a-kori-kura ta taho a hankali, Alhaji a gaba, Isyaku a sama tsakanin katifa da kwalla, ya rungume madubin amarya, gumi har ido. Ango na biye a kan Basfa.

"Yaya," in ji ango, "don Allah a riƙe mana madubin nan da kyau."

Isyaku ya dube ni, ya dubi ƙeyar Alhaji, ya gyara murya.

"Awo, ƙanena. Ina riƙe da shi."